Jiki Magayi: Ko Zafi Abokin Gaba Ne?

Babu mai rai da ke marmarin jin zafi. Duk da haka, kafin mutum ya yi fatar a ɗauke masa shi gaba ɗaya, ya kamata ya dubi halin jikin da ya daina jinsa.

A cikin fata akwai ƙananan jijiyoyi masu gadin jiki dare da rana. Idan yatsa ya taɓa garwashi, saƙo yakan bi jijiya zuwa lakar gadon baya, umarni ya komo ga tsoka, hannu ya janye tun kafin ƙwaƙwalwa ta tantance abin da ya faru. Waɗannan jijiyoyi ne ƙwayar cutar kuturta take lalatawa, wadda likita Hansen ya gano a ƙasar Norway a 1873.

An daɗe ana zaton cutar ce da kanta take cinye yatsu. Likita Paul Brand, wanda ya soma aiki a Vellore ta ƙasar Indiya a 1946, ya nuna cewa yawanci ba haka ba ne. Mai cutar yakan taka ƙaya ya yini yana tafiya a kanta, ko ya sauke tukunya daga wuta ya ƙone bai sani ba. Rauni ya zama gyambo, gyambo ya kai ga ƙashi. Maganin zamani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya ta da jijiyar da ta riga ta mutu.

Wannan ba ya nufin kowane ciwo alheri ne. Zafin da ya gama isar da saƙonsa, irin na mai fama da ciwon daji, wajibi ne a sauƙaƙa shi. Abin tsoro shi ne a kashe ɗan aike tun ba a saurari saƙonsa ba.

Haka lamiri yake. Ƙarya ta farko takan hana mutum barci, ta goma kuwa ko gezau. Mai wannan hali yana tsammanin ya sami kwanciyar rai, alhali jijiya ce ta mutu. Haka kuma jama'ar da har yanzu take ƙyamar cin abinci da wanda ya warke daga kuturta, ko ta ƙi sayen kayansa a kasuwa, ba tare da abin ya dame ta ba, ta cancanci ta binciki kanta: tsakaninta da shi, wa ya fi rasa ji?