Gaskiyar da Yaranmu Ke Binmu Bashi

Wata ranar Juma'a bayan La'asar ina zaune a ƙofar gida a nan Khumra, sai ɗan maƙwabcina ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya miƙo mini wayarsa. Shekararsa 17, a Jidda aka haife shi, mahaifinsa direban babbar mota ne mai jigilar kaya tsakanin tashar jiragen ruwa da rumbunan ajiyar da suka cika unguwar nan. A fuskar wayar akwai sakamakonsa na jarrabawar Kudurat da ta Tahsili, kowanne ya haura 90 cikin 100. Burinsa shi ne Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Zahran. Ya ce, “Yaya, don Allah ka faɗa mini gaskiya, zan samu?”

Amsar da ta fara zuwa bakina ita ce wadda duk muka saba bayarwa: in sha Allahu za ka samu. Na haɗiye ta, domin na san abin da ni kaina zan yi nufi da ita. Kalma ce mai girma da aka umurce mu da faɗa kan duk abin da muke shirin yi gobe, amma sau da yawa mu manya mukan mai da ita labulen da muke ɓuya a bayansa don kada mu faɗi abin da ba ya da daɗin ji. Yaron kuwa gaskiya ya roƙa. Tambayar da ta tsaya mini a rai tun ranar ita ce: me ya wajaba babba ya faɗa wa yaro mai ƙwazo game da ƙofar da ya san ƙunci gare ta?

Da farko akwai abin da za a iya lissafawa. Jami'o'in gwamnati da dama a ƙasar nan suna haɗa makin sakandare da na Kudurat da na Tahsili su fitar da maki guda, galibi kashi 30 da 30 da 40 a fannonin kimiyya. Wannan ɓangaren yana hannun ɗalibi. Sai dai yaron nan fasfo ɗin Najeriya yake riƙe da shi, da iƙama yake zaune, guraben da ake ware wa baƙi kuwa kaɗan ne, ta hanyar tallafin karatu ake samunsu. Abokin da suka zauna benci ɗaya tun firamare yana iya shiga da makin da bai kai nasa ba. Ko a gida ma ba maki kaɗai ke magana ba. Ƙa'idar shiga jami'o'in tarayya a Najeriya ta ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. A Amurka, Jami'ar Harvard na ɗaukar ƙasa da mutum 5 cikin kowane 100 da suka nema, kuma cikin waɗanda ake mayarwa akwai dubbai da ba wanda ke shakkar ƙwaƙwalwarsu.

A aikinmu na injiniya mun san iyakar irin waɗannan alƙaluma. Idan aka ce ƙusa ɗaya cikin dubu za ta karye, an faɗi gaskiya game da buhun ƙusoshin, amma ba a faɗi komai ba game da wadda ke hannunka. Haka lissafin shiga jami'a yake. Yana auna faɗin ƙofa da yawan masu turereniya a bakinta. Bai san daren da yaron nan ya raba yana karatu a ɗakin da yake kwana da ƙannensa uku ba. Saboda haka wanda ya ce masa “ba za ka samu ba” ya yi iƙirarin sanin gaibu, kamar yadda wanda ya ce “tabbas za ka samu” ya yi.

Wani dattijo da na yi wa wannan magana ya ce da ni, ai yaro da ƙarfafa gwiwa yake tafiya, in ka nuna masa tsawon dutsen sai ya fasa hawa. Maganarsa tana da nauyi, na kuwa ga yaran da kalma ɗaya ta babba ta kashe musu zuciya. Amma ina ganin cutarwar ɓoye gaskiya ta fi girma, sai dai ba a ganinta sai daga baya. Yaron da aka tabbatar wa cewa ƙwazo kaɗai ke buɗe ƙofa, ranar da aka rufe ta a fuskarsa, abu ɗaya zai fahimta: shi ne bai isa ba. Ga shi kuma bai tanadi wata hanyar ba, domin an hana shi tunanin yana buƙatarta, sai shekara guda ta salwanta.

Akwai kuma cutarwar da ke samun wanda ya yi nasara, ni ma ban tsira daga gare ta ba. Lokacin da na samu tallafin yin digiri na biyu a ƙasar waje, na daɗe ina jin cewa gumina ne kawai ya kai ni. Sai da girma ya fara zuwa na tuna da abokina da ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, wanda rasuwar mahaifinsa ta tsayar da shi a kasuwa a shekarar da muka nema. Malamin falsafar nan na Harvard, Michael Sandel, ya yi wannan gargaɗin a littafin da ya fitar a 2020, har ya ba da shawarar cewa bayan an tace waɗanda suka cancanta, a jefa ƙuri'a a tsakaninsu, don wanda ya shiga ya san akwai sa'a a cikin shigarsa, wanda bai shiga ba kuma kada ya raina kansa. Mu muna da kalmar da ta riga wannan shawara daɗewa, wato rabo. Matsalarmu ita ce mukan tuna da rabo ne kawai idan za mu yi wa wanda ya faɗi jaje. Ba kasafai muke tuna wa wanda ya ci ba.

Tawakkali ma ba ya sabawa da duba alƙaluma. An ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Ɗaure raƙumi a wurin ɗalibi ya haɗa da sanin dokokin ƙofar da yake bugawa, da buga fiye da ƙofa ɗaya.

Abin da na faɗa wa yaron ke nan. Na ce makinsa ya kai, kuma wannan nasa ne, ba mai ƙwace masa. Na ce ƙofar ƙarama ce ga mai iƙama, kuma ƙanƙantarta ba laifinsa ba ne. Na ce ya nema da dukkan ƙarfinsa, amma a lokaci guda ya yi rajistar JAMB, ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano, inda injiniyoyi da yawa da nake girmamawa suka fito. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya tambaye ni yaushe ake fara rajistar.

Har yanzu sakamako bai fito ba. Roƙona ga 'yan uwa a wannan ƙungiya, musamman mu da Allah ya ba damar karatu, shi ne kowannenmu ya nemi yaro ɗaya da ke ajin ƙarshe na sakandare, ya zauna da shi da iyayensa kafin lokacin neman gurbi ya wuce, ya baje musu hanyoyin da ke akwai dalla-dalla. Allah ya yi wa zuri'armu albarka, ya zaɓa musu mafi alheri.