Gyara Daga Tushe

Karatu: Matiyu 7:24-27

Ƙaunatacce, in ka je birnin Pisa a Italiya, za ka tarar da baƙi suna ɗaukar hoton hasumiyar majami'a wadda ta karkace. An fara gina ta a 1173, a kan ƙasa mai laushi. Da magina suka ga tana karkata, sai suka ƙara wa gefe ɗaya tsawo daga sama, amma a banza. Sai da aka rufe ta a 1990, aka yi aiki a ƙarƙashinta, sannan ta tsira daga faɗuwa.

Kai fa? Adon ranar Lahadi ba zai miƙar da gidan da babu addu'a da gafara ba. Koma ga Yesu, dutsen nan, tun yau.

Addu'a: Ya Ruhu Mai Tsarki, ka gyara tushena, cikin sunan Yesu. Amin.