Binciken Ciwon Zuciya A Ma'aunin Shari'a

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, yana daga cikin manyan ayoyin Ubangiji a jikin ɗan Adam wannan tsoka da ke cikin ƙirji, wadda girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba. Tana da ɗakuna 4 da ƙofofi 4, tana kuma bugawa kamar sau 100,000 a yini da dare, ba ta hutawa tun bawa yana cikin mahaifa har ranar da ajali ya sauka. Amana ce Allah Ya damƙa wa bawanSa, za a kuwa tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Abu Dawuda ya ruwaito cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, Manzon Allah (S.A.W.) ya je gaishe shi, ya ɗora hannunsa mai albarka a ƙirjinsa, ya shaida masa zuciyarsa ce ke ciwo, sa'an nan ya umarce shi da ya je wurin Harisu ɗan Kalada, mutumin Saƙifa, wanda ya san aikin magani. To, wanda addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa ke nan, amma ya tura sahabinsa wurin masani. Ashe kuwa zuwa wurin likita ba ya rushe tawakkali.

Malaman Musulunci na farko sun fahimci haka. Ibnun Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, shi ya bayyana cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya, ya bi ta huhu, kafin ya komo ɓangaren hagu. A 1895 aka gano hasken ɗaukar hoton cikin jiki a Jamus. A 1903 Einthoven, mutumin Holan, ya fito da na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda. A 1953 kuma Edler da Hertz, a ƙasar Suwidin, suka fara duba zuciya da sautin da kunne ba ya ji. Ana ɗora ɗan abin a ƙirji, sautin ya shiga ya daki tsokar ya dawo, na'ura ta mai da shi hoto. Da wannan likita yake ganin ƙofar da ta tsuke ko take yoyo, da zuciyar da ta kumbura ta rasa ƙarfin tura jini, ba yanka, ba zafi.

Wannan magana ta shafi ƙasar Hausa ƙwarai. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ba da rahoton yawan raunin zuciya ga mata masu jego, har suka yi zargin yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Alamominsa su ne haki, da tari cikin dare, da kumburin ƙafafu, da kasa kwanciya sai an jingina. Sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi da jiƙe-jiƙe har lokaci ya ƙure, a bar jariri maraya. Alhali hoton zuciya na 'yan mintoci yakan nuna cutar, a fara magani da wuri.

Saboda haka maigidan da ya ga waɗannan alamu ga iyalinsa, ya hana ta zuwa asibiti, ya sani shi makiyayi ne, kuma za a tambaye shi abin kiwonsa. Idan kunya ce hujjarsa, malamai sun yi bayani: a fara neman likita mace, in ba a samu ba, larura ta halatta namiji ya duba gwargwadon bukata, ba tare da keɓewa ba. Mai azumi ma ba shi da uzuri, domin ɗora na'ura a ƙirji ba ya karya azumi, tun da babu abin da ya shiga ciki. Haka nan mai hawan jini kada ya jira sai ya faɗi, don wannan cuta takan daɗe tana cin zuciya ba tare da alama ba.

Sai dai akwai ciwon da babu na'urar da ke ɗaukar hotonsa. A hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, an nuna cewa gyaruwar jiki duka da ɓacinsa suna rataye ne ga zuciya. Likita yana iya ganin jijiyar da ta toshe, amma ba ya ganin hassada, ko riya, ko girman kai, ko ƙullin gaba da ɗan'uwa. Waɗannan Allah kaɗai ke ganinsu, maganinsu kuwa tuba, da ambaton Allah, da mayar da haƙƙin mutane. Mai hankali shi ne wanda ya kai zuciyarsa ga likita idan ta yi rauni, ya kuma riƙa bincikarta da kansa kullum kafin ranar da za a tone asirai.

Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya tsarkake zukatan Musulmi, Ya sa a cika da imani. Amin.