Ɗana, Ka Shiga Gidan Tarihi

Ɗana, sau nawa ka wuce ta ƙofar Gidan Makama a Kano, daura da fadar Sarki, ba ka ko leƙa ba? Gini ne da aka faro tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa, kuma kuɗin shigarsa bai taka kara ya karya ba. Baƙi na tasowa daga uwa duniya su yini a ciki, kai da aka binne cibiyarka a ƙasar nan kana ganin wurin na 'yan makaranta ne da Turawa. Abin nan yana damuna ƙwarai.

Na san abin da wasu ke faɗa, wai gidan gumaka ne. Ba bauta za ta kai ka ba. Za ka je ne ka ga abin da mutanen farko suka bari, ka yi tunani, malamai kuwa sun daɗe suna kwaɗaitar da mu lura da sawun waɗanda suka gabace mu.

In ka je gidan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, ka nemi kawunan yumɓu na Nok. Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da irinsu a 1928, kuma sun haura shekara 2,000. Ka matsa kusa, ka dubi idon: mai kusurwa uku ne, an huda ƙwayarsa, an huda hanci da baki. Ka dubi gyaran gashin, tukku da kitso a tsare. Mai yin wannan ya san yumɓu, ya san wuta, ya san ado. Daga ranar, ba wanda zai ƙara ce maka kakanninmu ba su iya komai ba ka yi shiru.

Idan Allah Ya kai ka Yamai, gidan tarihi na Bubu Hama yana nan tun 1959. A can za ka tsaya gaban ƙasusuwan da suka koma dutse, waɗanda aka tono a Gadufawa cikin hamadar Tenere: ga dabbar nan dainoso, ga wani ƙaton kada, wanda masana suka ce ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. Kada, ɗana, a wurin da yau raƙumi ke shan wuya kafin ya ga rijiya! Ashe da koguna a can. Wanda ya ga wannan da idonsa ba sai an yi masa dogon wa'azi kan ikon Allah ba.

Kayan ado ma suna da nasu labarin. A kushewun Durɓi Takusheyi, kusa da Mani a Katsina, an haƙo 'yan kunne na zinariya, da warwaro na hauren giwa, da wuri. Wurin nan daga tekun Indiya yake fitowa. Ka ga ke nan fatakenmu sun haɗu da duniya ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya iso.

To, in ka shiga, ban da gaggawa, ban da yawo da waya a sama kana ta ɗaukar kanka hoto. Ka zaɓi abu biyu ko uku ka tsaya a kansu. Ka tambayi mai zagayawa da baƙi, aikinsa ke nan, ka kuma sallame shi da alheri. Kada ka taɓa komai, gumin hannu yana cin tsohon ƙarfe da fata. In kakarku na da sauran ƙarfi, ku tafi da ita. Za ta nuna muku taskira da tandu da mazari, ta faɗi amfanin kowane fiye da rubutun da aka liƙa.

Abu na ƙarshe shi ne mai zafi. Akwai dillalan da ke bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin takubba da munduwa da littattafan hannu a wulaƙance, su tsallaka da su waje. Kada ka sayar musu da gadon gidanku, komai matsi. In ba za ka iya adanawa ba, ka kai gidan tarihi a rubuta sunan zuriyarku.

Hutun makaranta mai zuwa, ka ware yini guda, ka kwashi yaranka da mahaifiyarsu ku je. Allah Ya yi maka albarka.