Hoton da Ya Haɗiye Mai Shi

Sha'awa tsakanin namiji da mace Allah ne ya halicce ta, Waƙar Waƙoƙi kuwa ba ta kunyar ambatonta. Ɓarna takan soma sa'ad da aka raba jiki da mai jikin.

Ku dubi Marilyn Monroe ta Amurka, wadda ta ɗanɗani zaman gidan marayu tana Norma Jeane. Aka rina gashinta, masu fim suka sauya mata suna, suka sayar wa duniya surarta. Miliyoyin maza suka yi begen hoton. Ita kuwa ƙwayoyin barci suka kashe ta a ɗakinta a 1962, tana shekara 36. Haka Dauda ya hango Batsheba daga kan bene: kyau ya gani, sai da ya aika aka tambayo kafin ya san sunanta, da na mijinta.