Wa ke bakin murhu?

A Paris, mai neman gidan abinci sai ya rasa na zaɓe: na ƴan Sin a Belleville, na Tamil a La Chapelle, mafe da yasa a Château Rouge. Kowa na duba farashi, Musulmi ya ƙara da tambayar halal. Ni kuwa ina ganin da sauran tambaya: wa ya dafa? Sau da yawa ɗan Mali ne ko ɗan Siri Lanka, wani ma babu takardu. A 2008 irinsu sun yi yajin aiki suna neman takardun zama. To, in an yanka rago da bisimilla amma aka ci gumin mai dafawa fa? Ni dai ban yarda wuƙa kaɗai ke halatta abinci ba.