Fatawa: An Ce Ina da Ciwon Suga, Shin Damuwata Raunin Imani Ce?

TAMBAYA

Ni ɗan kasuwa ne, shekaruna 47. Kwanakin baya na je asibiti saboda yawan fitsari da ƙishirwa da rama, aka gwada ni aka ce ciwon suga ne. An ɗora ni a kan ƙwayar metformin, an ce wataƙila nan gaba a ƙara mini da allura. Tun ranar barci ya ƙaurace mini, domin wannan ciwon ne ajalin mahaifina, bayan an yanke masa ƙafa. Da na faɗa wa wani aminina sai ya ce imanina ne ya yi rauni, mai tawakkali ba ya damuwa, in ajiye maganin asibiti in koma zuma da habbatus sauda. Malam, wannan damuwar zunubi ce? Ya halatta in ajiye maganin? Ga kuma azumi yana matsowa. Sannan idan aka kawo mini abinci a gidan biki ko gidan surukaina na ƙi ci, na yi laifi?

AMSA

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah Ya ba ka lafiya, ɗan'uwa, Ya sa kaffara ce, Ya jiƙan mahaifinka.

Damuwar da kake ciki ba zunubi ba ce, kuma amininka, duk da kyakkyawar niyyarsa, ya ɗora maka nauyin da shari'a ba ta ɗora maka ba. Suratu Yusuf ta ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya sa idanunsa suka yi fari, kuma babu inda Allah Ya zarge shi a kan haka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake kan gargara. Annabi Ayyub, wanda ake buga misali da haƙurinsa, ya kai kukan ciwonsa ga Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a Suratul Anbiya. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah, da furta maganar da ke nuna an zalunce ka, da yanke ƙauna daga rahamarsa. Amma faɗuwar gaba, da juye-juye a kan gado cikin dare, da tunanin wa zai riƙe maka yara, duk halin ɗan Adam ne. Haƙuri wajibi ne, shi ne kame harshe da gaɓoɓi daga abin da Allah ba Ya so. Zuciya ta kai ga jin daɗin jarrabawar kuwa wani mataki ne na sama, wanda da yawa daga malamai suka ce abin so ne, ba dole ba.

Na lura cewa rabin tsoronka ƙafar mahaifinka ce, don haka bari in tsaya a nan. Ciwon suga ba ya cin ƙafa dare ɗaya. Suga ne yake daɗewa a sama shekara da shekaru, ya lalata jijiyoyin ji da hanyoyin jini, har mutum ya taka ƙusa ko ƙaya bai ji ba, gyambo ya kafu, ya ƙi warkewa. Mutanenmu da yawa ba su san suna ɗauke da ciwon ba sai ya kai nan. Ƙididdigar ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta nuna fiye da rabin masu shi a Afirka ba a gano su ba. Kai an gano naka kana tafiya da ƙafarka, kana gani da idonka. Wannan ni'ima ce da ta cancanci sujadar godiya. Idan kuma rashin barcin ya ɗauki makonni, ko ka ji komai ya fita daga ranka, ka faɗa wa likitanka kai tsaye. Yawan damuwa da ƙarancin barci suna ɗaga suga, kuma neman taimako a kansu neman magani ne kamar kowane.

Batun ajiye magani kuwa, amsata ita ce bai halatta gare ka ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta fayyace cewa neman magani yana zama wajibi idan barinsa zai kai ga rasa rai, ko rasa wata gaɓa, ko nakasa. Ciwon suga da aka yi watsi da shi yana kaiwa ga makanta, da mutuwar ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki, da abin da ka gani a gidanku. Lokacin da Sayyidina Umar ya doshi Sham ya sami labarin annoba, sai ya juya da jama'arsa daga wani wuri da ake kira Sarg. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa masa da cewa daga wata ƙaddarar Allah suke gudu zuwa wata ƙaddarar tasa. Ƙwayar da kake haɗiya da safe tana cikin ƙaddarar Allah kamar yadda ciwon yake ciki. Tawakkalinka shi ne ka sha ta kana sane cewa ba ta warkarwa da kanta, sai da izinin wanda Ya halicce ta.

Zuma tana da falala, Suratun Nahli ta ambace ta da waraka, kuma hadisin habbatus sauda ingantacce ne a Bukhari da Muslim. Ba mai imanin da zai musa wannan. Sai dai malaman da suka yi sharhin waɗannan nassoshi ba su fahimce su yadda masu talla da lasifika a bakin kasuwa suke fahimta ba. Ibnu Kasir ya kawo a tafsirinsa cewa ayar ba ta nufin zuma tana maganin kowace cuta ga kowane mutum. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa hadisin habbatus sauda ya zo da lafazin gamewa amma ana nufin wasu cututtuka ne. Ibnul Ƙayyim ma a Zadul Ma'ad ya nuna cewa wasu magungunan da Annabi ya yi nuni da su suna da alaƙa da yanayin ƙasa da halin maras lafiya. Kusan kashi huɗu cikin biyar na zuma suga ne. Ka sha cokali biyu ka gwada jininka bayan awa ɗaya, na'urar za ta gaya maka. Idan kana son amfani da habbatus sauda don albarkar sunna, yi, tare da maganinka, kuma likita ya sani. Abin da nake ji maka tsoro shi ne jiƙe-jiƙen da ake sayarwa a gora ba a san abin da ke ciki ba, ana rantsuwa cewa suna tumɓuke suga cikin mako biyu. Wanda ya sayar da irin wannan yana sane cewa ƙarya ce, ya ci haram, kuma alhakin duk wanda ya nakasa yana wuyansa.

Idan an kai ga allurar insulin, kada ka ɗauka ƙarshenka ne ya zo. Sinadari ne da jikin kowa yake yi, naka ne ya gaza ko jikin ya daina jin sa yadda ya kamata. An gano shi a Toronto ta Kanada a 1921. A da daga jikin shanu da aladu ake tatso shi, shi ya sa wasu har yanzu suke ƙyamarsa, amma tun daga 1982 aka fara sayar da wanda ake haɗawa a ɗakin bincike, kuma shi ne ya mamaye asibitoci a yau.

Sai azumi, wanda na san shi ya fi tsaya maka a rai. Allah da kansa Ya yi wa maras lafiya rangwame a aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara: ya sha, ya rama a wasu kwanaki. Malamanmu na Malikiyya sun yi wa abin matakai. Wanda ya ji tsoron ciwonsa zai ƙaru ko warkewa za ta yi jinkiri, ya halatta ya sha. Wanda ya ji tsoron halaka ko cutuwa mai tsanani, wajibi ne ya sha, kuma idan ya nace ya yi laifi. Majalisar Fiƙihun nan ta zauna musamman a kan ciwon suga da azumi a Sharja a 2009, tare da likitoci, ta raba masu ciwon gida huɗu gwargwadon haɗari. Waɗanda cutuwa ta tabbata ko ta rinjaya a kansu, irin wanda sugansa ke yawan faɗuwa ƙasa ko wanda ake yi wa wankin ƙoda, su sha. Waɗanda sugansu ya daidaita da abinci ko da ƙwayoyi marasa haɗari, su yi azumi, sunan ciwon kaɗai ba uzuri ba ne.

A wane gida kake? Wannan ba ni zan yanke ba, likitanka ne, ni kuma in gina hukunci a kan maganarsa. Metformin ita kaɗai ba ta cika kayar da suga ƙasa ba, saboda haka da yawa masu shanta suna azumi lafiya. Amma kai sabon shiga ne, ka ce har ka rame, wataƙila sugan bai zauna ba tukuna. Ka je wurinsa wata ɗaya da rabi ko biyu kafin Ramadan, ya duba ka, ya gyara maka lokutan shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur. Kada ka gyara da kanka.

Idan ya ba ka izini, ka riƙe waɗannan. Huda yatsa don gwada suga ba ya karya azumi, ɗigon jini ne ya fita, kuma a mazhabarmu ko ƙaho ba ya karyawa. Allurar insulin ba ta karyawa, domin ba ci ba ce ba sha ba. Haka Majalisar ta yanke a Jidda a 1997 game da alluran fata da tsoka da jijiya, ban da ƙarin ruwa mai ciyar da jiki. Idan ka gwada ka ga ƙasa da 70, ko 3.9 a na'ura mai ƙananan lambobi, ko sama da 300, wato kusan 16.7, ka karya nan take. Haka idan ka ji rawar jiki da gumi mai sanyi da jiri da bugun zuciya, ko tunaninka ya fara rikicewa. Ka karya ko saura minti goma a kira magariba. Na san zafin da hakan yake yi wa mutumin da tun yana yaro bai taɓa shan azumi ba, har ya ji kunyar iyalinsa. Babu kaffara a kanka, ramuwar yini ɗaya ce kawai, kuma a wannan lokacin ruwan da ka kurɓa shi ne biyayyar. Idan wata rana likita ya ce azumi ya fi ƙarfinka har abada, sai ka ciyar da miskini mudu ɗaya, mudun Annabi, a madadin kowane yini. A wurin Malikiyya ciyarwar mustahabbi ce, a wurin sauran mazhabobi uku wajibi ce, ni kuwa ina ba mai hali shawarar ya ciyar.

A buɗa-baki dabino ɗaya ko biyu ya wadatar da sunna, ruwa ma sunna ne. Abin da ke kayar da mutane shi ne abin da ke biyo baya: kofin kunu da suga ya ji, da zoɓo mai zaƙi, da lemun kwalba, wanda kwalba ɗaya takan ɗauki fiye da ƙananan cokula takwas na suga, sannan a bi da malmalar tuwo uku. Sahur kuma ka jinkirta shi zuwa dab da alfijir; nan sunna da shawarar likita sun haɗu.

Game da gidan biki, abin da aka wajabta wa wanda aka gayyata walimar aure shi ne ya halarta. Ci ba dole ba ne, hadisin da ke Sahihu Muslim ya bar wa mutum zaɓi. Ka je, ka yi addu'a, ka ɗauki nama da ganye, ka bar alkaki da nakiya. Gidan surukai ya fi wuya saboda kunya, amma magana ɗaya ta isa: "Baba, likita ya hana ni zaƙi." Ko ka sa maiɗakinka ta sanar da Inna tun kafin ku je. Ba surukar da za ta so ta ga mijin 'yarta a kwance saboda kwanon fura. Ba a wajabta maka shelanta ciwonka ba, sai dai iyalinka da yaron shagonka ya kamata su sani, su kuma san alamun faɗuwar suga, musamman idan an fara maka allura, ka riƙa ajiye alewa a aljihu saboda irin wannan ranar.

Kada kuma ka tsananta wa kanka har ka haramta abin da Allah bai haramta ba. Tuwo da shinkafa halal ne gare ka, awo ne ya canja. Ka rage malmala, ka yawaita miya da zogale da rama da wake, ka ce wa mai shayi ya riƙe sugansa. Acha da alkama da ake ta yabo su ma suna ɗaga suga idan aka cika kwano. Annabi ya yi nuni da raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Tafiyar kusan rabin awa a mafi yawan kwanakin mako tana cikin maganin, don haka ka ajiye babur ka taka zuwa masallaci.

Alwala kuwa ta ba ka damar duba ƙafarka sau biyar a yini. In ka wanke, ka goge tsakanin yatsu su bushe, ka duba ko akwai tsaga ko kumburi ko canjin launi. Kada ka taka farfajiyar masallaci mai zafi ranar Juma'a ba takalmi, kuma ka daina miƙa ƙafarka ga mai yankan farce na kasuwa da askarsa, ƙaramin yanka a wurinka ba ƙarami ba ne. Idan rauni ya fito, a kai asibiti a ranar, ba a jira ya nuna. In an ɗaure shi an ce kada ruwa ya taɓa, ka wanke sauran ƙafar, ka shafi bandejin da jiƙaƙƙen hannu, alwalarka ta yi, sallarka ta yi.

Allah ne Mafi sani.